Baƙar Tsatsa Da Jar Tsatsa

Hausawa sun ce garin neman gira akan rasa ido. Wannan magana ta tabbata a kan wani akawu na ƙasar Japan, wanda ya gaji wani abu mai daraja daga kakanninsa, ya tashi gyara shi da kyakkyawar niyya, ya ɓata shi da hannunsa tsakanin hantsi da la'asar. Amma kafin a shiga labarinsa ya kamata mai karatu ya san ko mene ne abin, da dalilin da ya sa mutane suke tara irinsa suna adanawa.

Japan ƙasa ce ta tsibirai a can gabas da ƙasar Sin. Shekaru ɗaruruwa mulkinta yana hannun waɗansu mayaƙa na gado da ake kira samurai. Kowane samurai yakan soke takubba biyu a ɗamararsa, dogo da gajere, da su ake gane shi a hanya, talaka kuwa ba shi da iznin ɗaura biyun nan. Takobinsu ya bambanta da wanda aka saba gani a ƙasar Hausa ran hawan salla. Na Hausa miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, da ƙarfe a gicciye a bakin mariƙinsa. Nasu yana da ɗan lanƙwasa, kaifinsa ɗaya, dogon kuma da hannu biyu ake riƙe shi. A maimakon ƙarfen gicciye sai suka sa wani ɗan faifai na ƙarfe tsakanin mariƙi da ruwan takobi. Wannan faifai shi suke kira tsuba.

Faɗin faifan kamar inci 3 ne, kaurinsa bai cika kai rubu'in inci ba, yakan zauna daidai a tafin hannu. Amfaninsa uku ne. Yana hana hannu zamewa ya hau kaifi in an kai suka, yana tare takobin abokin gaba in ya sulluɓo zuwa ga yatsu, yana kuma daidaita nauyin takobi a hannun mai shi. A tsakiyarsa akwai kafa mai siffar gindin takobi, ta nan ake zura shi. Sau da yawa akwai ƙananan kafofi biyu a dama da hagu, ɗaya ta wata 'yar wuƙa ce da ake sokewa a jikin kube, ɗaya kuwa ta wani tsinken ƙarfe da ake gyara gashi da shi. Abin da ke haɗa mariƙi da takobi ɗan tsinken gora ne kurum. In an tura tsinken ya fita sai mariƙi ya zare, faifai ya biyo. Saboda haka mutum yana iya sake faifan takobinsa kamar yadda yake sake hula, na yaƙi dabam, na zuwa fada dabam. Shi ya sa maƙera suka yi ta gasa a kan ƙirarsa, har ta zama sana'a mai zaman kanta.

Shi akawun nan mutumin Kumamoto ne, wani birni a tsibirin Kyushu, wanda a da ake kiran lardinsa Higo. Kakanninsa ƙananan samurai ne na gidan Hosokawa, masu sarautar lardin tun 1632. Zamani ya juya musu sau biyu. A 1868 mulkin mayaƙa ya faɗi, a 1876 kuma sabuwar gwamnati ta hana ɗaura takobi, sai fa ga soja da 'yan sanda da masu kayan fada. Abin ya yi wa samurai zafi ƙwarai, har a watan Oktoba na shekarar nan waɗansu daga cikinsu a Kumamoto, ba su kai 200 ba, suka faɗa wa barikin soja da dare da takubba, aka kuwa ci su. Daga nan takobi ya koma cikin adaka. Sa'an nan a 1945, da aka ci Japan a Yaƙin Duniya na Biyu, sojan Amurka da suka zauna ƙasar suka ce a kawo makamai duka. Takubba da yawa aka lalata, waɗansu aka zuba a teku, waɗansu soja suka tafi da su gida. Kakan akawun ya kai takubban gidansu biyu, amma a daren da zai kai su sai ya tura tsinken goran nan, ya zare faya-fayan, ya naɗe su a ƙyalle ya ɓoye. Iyakar abin da ya saura na gidan ke nan.

Da mahaifin akawun ya rasu, ana cikin rabon kaya, aka tarar da ƙyallen a ƙarƙashin tufafi. Faya-fayai uku ne a ciki. Biyu na kakan ne, ɗaya kuwa uban ne ya saye shi a wata kasuwar tsofaffin kaya, yana ji da shi ƙwarai, yakan fito da shi ya nuna wa baƙi. Na kasuwar nan yana da siffar mayaƙa bisa dawaki, da ɗigon zinariya, da sunan maƙeri a rubuce. Na kakan kuwa baƙaƙe ne wuluk, ba suna, ba zinariya. Ɗaya an huda shi an fitar da siffar wani tsuntsu mai kama da gauraka ya buɗe fikafikai. Ɗayan siffar itace ce mai rassa, ja-ja ma ta fara fito masa a gefe.

Akawun mutum ne mai tsabta, ba ya barin ƙura a teburinsa, ba ya barin kuskure a littafinsa. Da ya dubi baƙaƙen nan sai kunya ta kama shi, ya ce a ransa lalle an wulakanta kayan kakanni. Ran hutu da hantsi ya ɗauki mai tsuntsun, gama shi ya fi kyau, ya tsoma shi a ruwan maganin tsatsa irin na kanti, ya bi shi da buroshin waya, ya gama da samfefa. Kafin la'asar faifai yana walƙiya kamar sabon cokali. Akawu ya yi murna. Ya ce kafin ya yi wa ɗayan, bari ya kai wa masani ya gaya masa abin da suka kai.

Akwai wani tsoho a birnin mai kantin tsofaffin takubba da kayansu, wanda ya tsufa a cikin sana'ar. Kashegari akawu ya shiga kantin, ya sunkuya ya gaishe shi yadda suke gaisuwa, ya ce, "Sensei," watau malam da harshensu, "ga gadon gidanmu na kawo a duba mini. Ɗaya na riga na wanke, ɗaya ya saura."

Tsoho ya shimfiɗa ƙyalle mai laushi a kan tebur. Ya ɗauki mai walƙiyar nan ta gefe da yatsu biyu, ya juya shi a hasken taga, ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ajiye shi a hankali, ya ce, "Wa ya yi masa wannan aiki?"

Akawu ya ce, "Ni ne, jiya-jiyan nan."

Tsoho ya ce, "To, jiya ka kankare shekara 300."

Sa'an nan ya zaunar da shi ya yi masa bayani, cewa tsatsa iri biyu ce, ja da baƙa, kuma duk ilmin adana faifan takobi ya tattaru a kan rarrabe su.

Jar tsatsa kowa ya san ta, ita ce ke cin garma in an bar ta a raɓa. Sako-sako ce, tana shan laima ta riƙe, tana ɓamɓarewa, sabuwa kuma ta tsiro a ƙarƙashinta, har ta rarake ƙarfe. Baƙar tsatsa kuwa siririya ce, a manne take da ƙarfe kamar fata da nama, tana tare laima da iska kada su kai ga abin da ke ƙarƙashinta. Masu bincike sun ga cewa kusan iri ɗaya ce da baƙin yashin nan da maganaɗisu ke ja, wanda mutanen Japan suke narkewa da gawayi su sami ƙarfe. Watau bayan faifan ya koma ga asalinsa, shi ya sa ya zauna lafiya. Maƙeri da gangan yake sa wa faifai baƙin nan tun yana sabo, kowane gida da asirinsa. Sa'an nan shekaru, da gugar hannu da ta tufafi, su ƙara masa zurfi da santsi, har ya yi sheƙi kamar jiƙaƙƙen dutse. Wani baƙin yakan ja zuwa ruwan ƙasa, wani zuwa shunayya. Da shi masani yake ƙiyasta shekarun faifai da lardin da aka ƙera shi.

Akawu ya ce, "Sensei, ba a iya mayar masa da shi?"

Tsoho ya ce akwai gwanaye masu sake sa wa faifai baƙi, amma sabon baƙi ne, idon masani ba ya ɓata shi. Abin da ya fi muni kuma, samfefa ta ci bakin fikafikan tsuntsun, ta shafe sawun masaba da na magagari, alhali kuwa su ne hannun maƙeri da ake karantawa. Wannan kam ba mai iya mayarwa.

Ya jawo wani ɗan akwati, ya nuna masa wani faifai baƙi mai ratsin shuɗi kamar fiffiken hankaka, ya ce kada ya zaci ƙarfe kaɗai ke da wannan fata. Tun daga 1603, da Tokugawa Ieyasu ya kama mulki, Japan ta yi fiye da shekara 250 ba babban yaƙi, takobi ya zama kayan ado da alamar girma, maƙera suka shiga aiki da ƙarafa masu laushi. Akwai shakudo, watau jan ƙarfe da aka garwaya da zinariya kaɗan, kamar kashi 4 ko 5 cikin 100. Akwai shibuichi, ma'anar sunan ɗaya daga huɗu, watau azurfa kashi ɗaya, jan ƙarfe kashi uku. In an gama sassaƙa sai a dafa su a wani ruwan magani mai suna rokusho, shakudo ya fito baƙi mai shuɗi, shibuichi ya fito toka-toka. Gidan Goto, wanda kakansu Yujo ya rasu a 1512, sun yi tsara 17 suna yi wa masu mulki aikin shakudo, suna cika bayansa da ɗigo-ɗigo kamar ƙwan kifi, kowane ɗigo da bugunsa. Launin nan duka a bisa yake, bai kai kaurin fatar albasa ba. In aka goge shi da man goge tagulla sau ɗaya, sai jan ƙarfe ya bayyana, aikin wata da watanni ya tafi.

Jikin akawu ya yi sanyi. Ya tura mai zinariyar nan gaban tsoho, ya ce, "To, wannan fa? Shi mahaifina ya fi so, ga sunan maƙerinsa ma a jiki."

Tsoho bai ba shi amsa ba, sai ya miƙa masa gilashin ƙara girman abu, ya ce ya leƙa cikin kafofin ya faɗi abin da ya gani. Akawu ya leƙa, ya ce ya ga wani siririn layi ya kewaye cikin kowace kafa. Tsoho ya ce nan ne ɓari biyu na mazubi suka haɗu. Ya ce ya dubi bayan faifan. Akawu ya ga ƙananan ramuka kamar zanzana. Tsoho ya ce nan ne iska ta tsaya sa'ad da narkakken ƙarfe yake sanyi. Ya ce ya dubi fuskokin mayaƙan. Akawu ya ga sun dushe kamar sabulun da aka fara wanka da shi, zinariyar ma shafe ce, ta zarce iyakarta. Daga ƙarshe ya nuna masa sama da ƙasan kafar tsakiya. A faifai na gaskiya akan cusa ɗan jan ƙarfe a nan don ya kama takobi sosai, kuma akan ga sawun bugu a kewaye, inda aka matse kafar. A wannan kuwa siffar abin cusawar tana nan, amma ƙarfe ɗaya ne da jikin faifan. Ashe wani ne ya sami faifai na gaskiya, ya danna shi a mazubi, ya zuba irinsa da yawa.

Faifan ƙarfe na ƙwarai ƙira ne. Ana dukan ƙarfen, a ninke, a sake duka, sa'an nan a huda, a sassaƙa, a bi da magagari. Zubi kuwa gaggautsa gare shi, in ya faɗi bisa dutse yana iya fashewa, ba wanda zai amince masa da yatsunsa a fagen fama. Kama da wane ba ta wane.

Sunan da ke jikin na kasuwar Soten ne, wani gidan maƙera na garin Hikone da suka shahara da siffar mayaƙa, sunansu kuwa yana cikin waɗanda aka fi sata. Haka sunan Nobuie da na Kaneie, manyan gwanayen ƙarfe na wajen ƙarshen ƙarni na 16, ana samunsu a kan faya-fayai da yawan da mutum ɗaya ba zai iya ƙerawa ba ko ya yi rai biyu. Satar suna tsohuwar sana'a ce a can, neman sanin gwanaye ma tsoho ne, gama tun a 1781 aka buga wani littafi a Osaka mai suna Soken Kisho, wanda ya tara sunayen masu wannan aiki da bayaninsu. Bayan dokar 1876 abin ya ƙaru. Maƙera suka rasa masu saye a gida, har gwani irin Kano Natsuo, wanda ya rasu a 1898, ya yi aikin zanen kuɗin sabuwar gwamnati da koyarwa. Turawa kuwa suka ga faya-fayai da araha, suka yi ta saye dubbai, shi ya sa yau akwai su jibge a gidajen kayan tarihi na Boston da Landan da Oxford. Da 'yan kasuwa suka ga baƙi suna son zinariya da suna, sai aka shiga yi musu abin da suke so. Har yanzu ana zuba na jabu ana sayarwa ta intanet.

Wannan bayani bai yi wa akawu wuyar ganewa ba, gama a ofis ya sha ganin takarda mai sa hannun ƙarya, ya kuma san ba a biyan kuɗi don an ga suna, sai an duba littafi an ga lissafi ya yi daidai. Tsoho ya ce haka nan ne a wannan sana'a, aiki ke shaidar suna. Masani yakan fara da siffar faifai da kaurinsa, ya koma ga ƙarfen da launinsa, ya shafa bakinsa, ya duba kafar tsakiya, ya duba zanen, suna shi ne na ƙarshe. Da yawa daga cikin mafiya kyau ma ba su da suna ko kaɗan.

Da wannan bi-da-bi ake gane gidaje. Tsofaffin faya-fayai na zamanin yaƙe-yaƙe, waɗanda ake danganta su ga maƙeran takubba da maƙeran sulke, sirara ne masu faɗi, da 'yar huda ɗaya ko biyu. Na Kyoto an huda su da kyau, layukansu sirara kamar saƙa. Na Owari kakkaura ne masu ƙarfi, a bakinsu akan ji waɗansu ƙulle-ƙulle da ake kira ƙashin ƙarfe, inda ƙarfe mai tauri ya tsaya bai lafa ba. Na Akasaka a birnin Edo, wanda yau ake kira Tokyo, bakinsu a dunƙule yake. A Higo kuwa gidaje huɗu ne suka yi suna, Hirata da Hayashi da Nishigaki da Shimizu. Sun tashi a ƙarƙashin gidan Hosokawa, musamman Hosokawa Tadaoki, wanda mayaƙi ne kuma masanin ladabin shan shayi, irin ladabin da ke ƙin ƙyale-ƙyale. Shi ya sa aikin Higo yake da natsuwa, kyaunsa a ƙarfen yake da zaman siffar.

Sai tsoho ya ɗauki na ukun, mai siffar itace. Ya juya shi, ya shafa bakinsa da ɗan yatsa, fuskarsa ta saki. Ya ce, "Wannan aikin Higo ne, na garinmu. Baƙinsa yana nan, jar ba ta yi nisa ba. Da ka zo jibi da ban same shi ba."

Akawu ya roƙe shi ya gyara masa, ko nawa ne zai biya. Tsoho ya ƙi. Ya ce hannun da ya ɓata ɗaya shi ya kamata ya ceci ɗayan. Ya ba shi ɗan guntun ƙahon barewa da ƙyallen auduga, ya gaya masa yadda ake yi.

Da fari a wanke faifan ƙarfe da ruwa da sabulu marar ƙarfi, in ba shi da ado na zinariya ko azurfa, a shanya shi har ya bushe sarai. Sa'an nan a sa ƙaho ko ƙashi a riƙa kankarar jar tsatsa kaɗan-kaɗan. Hikimar ita ce ƙaho ya fi jar tsatsa tauri, amma bai kai baƙar ba, saboda haka yana ɗebe mugunyar ya bar ta kirki. In jan gari ya fito a share da ƙyalle, a duba a hasken rana, a ci gaba. In an gama a riƙa shafa shi da ƙyallen auduga kullum. Cikin kafofi a bar shi yadda yake, gama masana suna karanta shekaru a nan. Kada ƙarfe ya taɓa shi, ko samfefa, ko ruwan tsami, ko wuta. Masana da yawa ba su son a shafa masa mai, don yana tara ƙura, yana kuma rufe tsatsa tana ci a ɓoye. Na shakudo da shibuichi kuwa ko ƙahon ba a kai musu, ko gugar ƙyalle mai ƙarfi, kuma ba a taɓa fuskarsu da hannu, gama gishirin gumi yana barin sawun yatsa wanda ba ya fita.

Wurin ajiya kuma, ƙasar Japan tana da laima ƙwarai da damina, saboda haka sukan sa kowane faifai a akwatinsa na wani itace marar nauyi da suke kira kiri, da 'yar katifa a ƙasa da wata a bisa. A tsakiyar akwatin akwai ɗan turke da ke shiga kafar faifai. Tsoho ya gargaɗe shi ya duba turken, gama a akwati mai araha da ƙusa ake kafa shi, in ya ɓalle a hanya sai ƙusar ta karce faifai. Kada a haɗa biyu a ƙyalle ɗaya suna gugar juna, kada a rataye shi a ƙusa a bango, kada kuma a rufe shi shekara da shekaru ba a leƙa ba.

Akawu ya koma gida. Kullum in ya taso daga ofis sai ya zauna bakin taga da ƙahonsa kafin rana ta faɗi. Makon fari bai ga ya yi kome ba, har zuciyarsa ta riƙa raya masa buroshin wayar nan, wanda zai gama aikin kafin shayi ya huce. In ta raya masa sai ya fito da mai tsuntsun ya ajiye a gabansa, ya dube shi, ya koma ga ƙaho. Damina ta wuce, sanyi ya shigo. Wata rana ya share jan gari a gindin wani reshe, sai ya ga sawun magagari, layi-layi, yadda maƙeri ya bar shi. Ya daɗe yana dubansa. Sai da ya kusa shekara kafin tsoho ya ce ya isa haka, ya tsaya, gama sanin wurin tsayawa rabin aikin ne.

Daga nan tsoho ya ba shi shawara ya aika da shi Tokyo. A can akwai wata ƙungiya mai suna Nihon Bijutsu Token Hozon Kyokai, watau ƙungiyar kiyaye takubban Japan na fasaha, wadda aka kafa a 1948 don ceton abin da ya saura bayan yaƙi. Tana da gidan nuna takubba, wanda tun 2018 yake unguwar Sumida. Masananta sukan zauna su duba takobi ko faifai, in ya cancanta su ba da takardar shaida mai hotonsa. Darajar takardun hawa huɗu ce, ta fari tana cewa abin na gaskiya ne kuma ya isa a adana shi, ta ƙarshe kuwa ƙalilan ke samunta. In suka ga suna na ƙarya ne ba su ba da kome. Faifan akawu ya komo da takarda ta hawan fari, an rubuta aikin Higo ne. Bai zama mai arziki da ita ba, bai kuwa yi niyyar sayarwa ba.

Sannu a hankali shi ma ya shiga tara faya-fayai, gwargwadon albashin akawu. Ya bi ƙa'idar da tsoho ya ba shi, cewa a sayi littafi kafin a sayi ƙarfe, a je gidan kayan tarihi a cika ido da na ƙwarai, don wanda ya saba da zuma ba a ruɗinsa da ruwan rake. Gara ɗaya mai kyau a shekara da goma na banza a wata. Araha mai yawa a kan babban suna kuwa alama ce ta a kama aljihu a wuce.

Ya kuma yi abin da ya iya tun da, watau ya buɗe littafi. Kowane faifai da shafinsa, da lambarsa, da awon faɗinsa da kaurinsa da nauyinsa, da inda aka same shi, da abin da aka taɓa yi masa. Shafuka uku na fari na gadon gida ne. A na ɗaya ya rubuta, aikin Higo, an ɗebe masa jar tsatsa da ƙaho. A na biyu ya rubuta, zubi ne, sunan jikinsa na ƙarya ne, mahaifina ya saye shi yana sonsa, kada a sayar wa kowa da sunan na gaskiya, kada kuma a yar. A na uku ya rubuta ranar da ya goge mai tsuntsun, da abin da ya goge shi da shi, ya sa hannu a ƙasa.

Mai tsuntsun bai kai shi a sake masa baƙi ba. Ya sa shi a akwatinsa na kiri kamar sauran, ya ajiye shi bisa duka. Ran da 'yarsa ta isa a nuna mata kayan gidan, shi ya fara buɗe mata, ya ba ta littafin ta karanta shafi na uku da kanta, sa'an nan ya sa ta wanke hannu, ya miƙa mata ƙyallen auduga, ya buɗe akwati na ɗaya.